Cibiya 8, Zare 16: Tambayoyi da Amsoshi Kan SMT da Saurin Kwamfutar Tebur

Haɗa kwamfutocin tebur da gyaransu shi ne hanyar abincina a nan Jidda, kuma 'yan'uwa Hausawa ba sa yankewa a shago: ɗaliban Madina da Makka, masu harhaɗa bidiyon biki, samari 'yan gem, da alhazan da ke son tafiya wa yara da kwamfuta gida. Tambaya ɗaya ce take ta dawowa, sai dai ta canza riga. Lambobi biyun nan da ake rubutawa a kwalin furosesa, 6 da 12, ko 8 da 16, wacce ce ta gaskiya? Na gaji da zana amsa a bayan rasit, shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda. Na sa musu lamba don in riƙa mai da mai karatu baya ko in tura shi gaba.

1. Malam, mene ne cibiya, mene ne kuma zare?

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu shago a nan ke kira mu'alij. A cikinta akwai injinan lissafi masu cin gashin kansu, kowanne yana iya karɓar umarni ya aiwatar. Kowane ɗaya shi nake kira cibiya. Abu ne na zahiri, an sassaƙa shi a jikin silikon. Larabawa na ce masa nawa, kuma na sha ganin baƙon Bahaushe ya ji mai shago ya ce nawa, ya ɗauka ciniki aka fara.

Zare kuwa ba ƙarfe ba ne. Jerin umarni ne da wata manhaja ke son a bi mata ɗaya bayan ɗaya. Manhaja guda tana iya samun zare ɗaya, tana iya samun ɗari. Idan aka rubuta "zare 16" a kwali, ana nufin furosesar tana iya riƙe jerin umarni 16 a hannu a lokaci guda.

2. SMT da Hyper-Threading abu ɗaya ne?

Ɗaya ne. SMT shi ne sunan dabarar, wato cibiya ɗaya ta tafiyar da zare fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma da shi AMD ke kiranta. Hyper-Threading sunan kasuwa ne da Intel ta raɗa wa nata. A kwamfutocin tebur zare biyu ne ga kowace cibiya. Manyan injinan IBM sun wuce haka: POWER7 tana ɗaukar 4, POWER8 tana ɗaukar 8.

3. Ta yaya cibiya ɗaya za ta yi aiki biyu lokaci guda? Ba yaudara ba ce?

Je ka tsaya wurin mai tsire, wanda mutanen Hijaz suka ara a wurinmu suke ce masa sire. Tukubarsa ɗaya ce, wuta ɗaya, kuma tana cin tsinke, a ce, goma sha biyu. Mutum ya zo ya ce a gasa masa tsinke biyar. Idan mai tsiren ya ce sai ya sallami wannan kafin ya saurari na biyu, gurbi bakwai na nan fayau, gawayi na ci a banza. Mai wayo sai ya jera tsinken mutum na biyu a guraben da suka rage. Tukuba ba ta ƙara faɗi ba, wuta ba ta ƙara zafi ba, amma naman da ke sauka a awa ya ƙaru.

Cibiyar zamani haka take. A cikinta akwai sassa da yawa: masu tarawa da ɗebewa, masu lissafin lambobi masu ɗigo, masu ɗauko bayani, masu ajiye shi. A kowane bugun agogo tana iya tura umarni huɗu, shida, ko fiye zuwa waɗannan sassa. Amma zare ɗaya da wuya ya cike guraben, sau da yawa ɗaya ko biyu kawai yake iya bayarwa. SMT sai ya kawo zare na biyu, a ɗebi umarninsa a cusa a inda ya rage, a cikin bugun nan guda.

Kada a haɗa wannan da abin da Windows ta saba yi tun kafin SMT, wato ta ba wannan manhaja ɗan guntun daƙiƙa, ta janye ta, ta ba waccan. Wancan karɓa-karɓa ne, saurinsa ne ke sa ka ga kamar tare suke. A SMT da gaske tare suke. Kuma misalin tukubar yana ɗauke da gargaɗinsa: idan mutumin farko ya yi odar tsinke goma sha biyu, na biyu ba shi da wuri, dole a rage wa wani. Wannan shi ne tushen amsar tambaya ta 6.

4. Me ya sa zare ɗaya ba ya cike guraben tun farko?

Saboda jira. Furosesa mai gudun gigahaz 4 tana bugawa sau biliyan 4 a daƙiƙa, wato bugu ɗaya rubu'in nanosakan ne, shi kuwa nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Bayanin da ke cikin ƙaramar ma'ajiyarta ta kusa, wadda ake kira kash, yana isowa cikin bugu huɗu ko biyar. Idan babu shi a kash kuwa, sai an je ram, wato babbar ma'ajiyar aiki da ke wajen furosesa, kuma tafiyar tana cin kamar nanosakan 70 zuwa 100. Yi lissafi da 80: bugu 320 ke nan. A ma'aunin furosesa, kamar ka aiki yaro ɗauko gishiri ne ya tafi Ɗa'if.

Akwai jira na biyu. Manhaja cike take da "idan kaza ne yi kaza, idan ba haka ba yi kaza". Cibiya ba ta tsayawa ta ga amsa, sai ta yi hasashe ta ci gaba. Galibi tana dacewa, amma idan ta yi kuskure sai ta zubar da aikin ta koma baya, a yi asarar bugu goma sha wani abu zuwa ashirin. Na uku kuma, umarni da yawa suna jiran sakamakon na gabansu ne: ba ka raba riba kafin ka gama tara ciniki. Duk waɗannan ramuka ne, kuma su zare na biyu ke cikewa.

5. Idan an ce zare biyu, me aka ninka a cikin cibiyar?

Kaɗan ne ƙwarai. An ninka abin da ke riƙe matsayin kowane zare: alamar inda ya tsaya a jerin umarninsa, da 'yan akwatunan da yake ajiye lambobin da yake aiki da su, da sashen karɓar kiran gaggawa daga na'urori. Wasu layukan jira na ciki ana raba su biyu idan zare biyu na aiki, a sake haɗe su idan ɗaya ya kwanta. Sassan lissafi da kash kuwa tarayya ake yi, kowa ya samu ya ɗauka.

Da Intel ta fito da dabarar ta ce ƙarin filin silikon da ta ci bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Wannan lamba kaɗai ta isa ta gaya maka cewa ba cibiya ta biyu aka ba ka ba.

6. To zare 16 bai kai cibiya 16 ba ke nan? Nawa nake samu?

Ko kusa. Intel da kanta cewa ta yi ƙarin yana iya kaiwa kashi 30 cikin ɗari, kuma har yau a nan gwaje-gwaje ke yawo: a aikin da ya dace, kamar kashi 15 zuwa 30, wani lokaci ya ɗan haura. A aikin da bai dace ba, babu komai, har a kan ɗan yi asara.

Ga lissafin da nake yi wa mutane a bayan rasit. Ɗauki ribar a matsayin rubu'i. Cibiya 4 mai zare 8 ta zama kamar cibiya 5. Cibiya 6 mai zare 6 tana nan a 6. Wato mai "6" ta fi mai "8", idan zamaninsu da gudunsu sun yi kusa. Cibiya 8 mai zare 16 kuma kamar cibiya 10 ce. Lissafin tsaye-tsaye ne, amma zai hana a sayar maka da lamba. Haka nan masu hayar kwamfuta a intanet su sani, abin da kamfanoni da yawa ke ƙirgawa a matsayin furosesa ɗaya a kan Intel ko AMD, zare ne.

7. Sabon abu ne?

Ya girmi da yawa daga cikin masu tambayar. Binciken da ya kafa shi a 1995 ya fito, daga Dean Tullsen da Susan Eggers da Henry Levy na Jami'ar Washington a Amurka. An tsara furosesar Alpha EV8 da zare huɗu, amma aka soke ta a 2001 ba ta shiga kasuwa ba. Intel ce ta kai shi hannun jama'a a 2002, da farko a Xeon, sannan a watan Nuwamba a Pentium 4 mai gigahaz 3.06.

Daga nan ya yi ta shiga da fita. Core 2 ta 2006 ba ta da shi, kuma duk da haka ta yi wa Pentium 4 fintinkau, abin da ya kamata masu bautar lamba su yi tunani a kai. Ya dawo da Core i7 na farko a ƙarshen 2008. AMD ba ta shigo ba sai 2017 da Ryzen. Sauran labarin yana tambaya ta 14.

8. Yaya zan san ko tawa tana da shi, kuma a kunne yake?

A Windows danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga shafin Performance, ka zaɓi CPU. A ƙasa za ka ga Cores da Logical processors. Na farko cibiyoyi ne, na biyu zaruruwa. Idan na biyu ya ninka na farko, yana nan kuma yana aiki. Idan daidai suke, ko dai furosesar ba ta da shi, ko an kashe shi. Idan kuma ya fi amma bai ninka ba, duba tambaya ta 13. Mai Linux ya rubuta lscpu.

Kwamfutocin da aka saya a nan da yawa Windows ɗinsu na Larabci ne, amma wurin bai canza ba, lambobi kuma ba sa buƙatar tafinta.

9. Wane irin aiki ne ya fi cin moriyarsa?

Aikin da ake iya yayyankawa a raba wa ma'aikata da yawa ba tare da suna jiran juna ba. Fitar da bidiyo bayan an gama harhaɗa shi, matse bidiyo da HandBrake, zanen gini ko hoto mai fuska uku a Blender, dunƙule manyan fayiloli da 7-Zip, harhaɗa babbar manhaja ga masu rubuta ta, da tafiyar da kwamfutocin gwaji biyu ko uku a cikin guda. Mai ɗaukar bidiyon walima da ke fitar da aikin awa biyu kowane dare, idan SMT ya rage masa kashi ɗaya cikin biyar na lokacin, ya san abin da ya saya.

Sai dai kowane aiki yana da ɓangaren da ba ya rabuwa. Gene Amdahl ya bayyana wannan tun 1967: idan rabin aikinka dole a bi shi a jere, ko zare dubu ka zuba ba za ka wuce ninki biyu ba. Masu ɗinki sun san haka, tela goma ba sa sa wuyan riga ɗaya ya ɗinku da wuri.

10. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina. Word ne, da manhajar littattafai ta Shamila, da Chrome, da Zoom. Ya shafe ni?

Kaɗan, Malam. Buɗe littafi, rubuta risala, gungura shafi, duk waɗannan sun fi dogara da saurin cibiya ɗaya. Inda za ka ji shi shi ne lokacin da abubuwa suka taru: kana darasi a Zoom, shafuka ashirin a buɗe, Windows kuma ta zaɓi lokacin ta fara sabunta kanta. A kwamfuta mai cibiya 2, SMT a nan rahama ne, domin shi ke hana linzami daskarewa. A mai cibiya 6 da wuya ka lura.

Idan kwamfutarka na nauyi, kafin ka zargi furosesa duba abu biyu. Shin faifan ajiyarta tsohon mai juyawa ne ko SSD? Ram ɗinta ya kai gigabayit 8? Sau tari ciwon a nan yake. Na sha canza wa ɗalibi faifai kawai ya dawo yana tambaya ko sabuwar furosesa na sa masa.

11. Abokaina 'yan gem sun ce in kashe shi, wai gem ya fi gudu. Gaskiya ne?

Maganar tana da asali. Gem yakan dogara da zare ɗaya ko biyu masu nauyi, waɗanda duk sauran ke jira. Idan aka zaunar da wani zaren a cibiya ɗaya da babban zaren gem, za su yi rububin kash da sassan lissafi, babban ya ɗan rage gudu. Ko masu ƙera na'urorin gem sun san da cinikin: Xbox Series X tana barin mai rubuta gem ya zaɓa, gigahaz 3.8 ba SMT, ko kusan 3.6 da shi.

Amma Windows ta yau ta san waɗanne zaruruwa ne 'yan ɗaki ɗaya, kuma takan fara rarraba aiki a cibiyoyi daban-daban kafin ta haɗa biyu a guda. A furosesa mai cibiya 8, kashewa yakan kawo canji kaɗan, wani gem ya ɗan hau, wani ya ɗan sauka. A mai cibiya 4 kuwa, kashe shi yanke wa kai hannu ne: sababbin gem za su fara ciccije, musamman idan Discord na buɗe ko kana watsa wasan kai tsaye. Mutane na kallon matsakaicin adadin hotuna a daƙiƙa, su manta da 'yar tsayawar nan ta ƙiftawar ido da ke sa a harbe ka, alhali ita SMT ya fi gyarawa a ƙananan furosesa.

Kuma a gem da yawa katin hoto ne ke riƙe da linzamin, furosesa jiransa take yi. Idan ka ga katin na aiki kusan ɗari bisa ɗari, bar furosesa ta huta.

12. Task Manager na nuna kashi 50, amma kwamfutar kamar ta ƙure. Ina sauran rabin?

Babu shi, ko in ce saura kaɗan. A ce cibiyoyinka 8 ne, zare 16, kuma manhaja ta ɗora zare 8 masu nauyi, ɗaya a kowace cibiya. Ma'aunin zai ga kujeru 8 cikin 16 a cike ya ce rabi. Amma kowace cibiya tana aiki, abin da ya rage shi ne ɗan rubu'in nan na tambaya ta 6. Akwai kuma akasin haka: manhaja mai zare ɗaya za ta ƙure cibiyarta, ma'aunin ya nuna kashi 6 ko 7 kacal. Danna dama a kan zanen ka sa ya nuna kowane zare daban, za ka ga inda wutar take.

13. Kwalina ya ce cibiya 16, zare 24. Lissafin bai fita ba.

Ya fita, cibiyoyin ne iri biyu. Daga zuriya ta 12 da ta fito a 2021, Intel ta fara gauraya manyan cibiyoyi masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin wuta. Manyan suna da Hyper-Threading, ƙananan ba su da shi. Core i9-12900K tana da manya 8 da ƙanana 8: 16 da 8, ya ba da 24. Ita kuma i9-13900K manya 8 ne da ƙanana 16, cibiya 24, zare 32. Irin waɗannan sun fi jituwa da Windows 11, domin ita aka tsara ta san wane aiki za ta kai wa babba, wane za ta kai wa ƙarama.

14. An ce Intel ta cire shi gaba ɗaya. Ashe ba shi da amfani?

Ta cire shi a Core Ultra 200S na tebur da suka fito a Oktoban 2024. Core Ultra 9 285K cibiya 24 ce, zare 24. Hujjar ita ce, tunda yanzu akwai ƙananan cibiyoyi da yawa da za su kwashi aikin da ake rabawa, gara a sauƙaƙa manyan, a yi amfani da filin da wutar wajen ƙara musu saurin zare ɗaya. Furosesar Apple ta jerin M ma ba ta taɓa amfani da shi ba. AMD kuwa tana nan da shi a Ryzen, kuma tana cin riba da shi sosai.

Ni abin da na fahimta, SMT dabara ce ta cike gurbi, darajarta ta dogara da yadda aka gina sauran gidan. Rashinsa a sabuwar furosesa ba aibi ba ne, samunsa a tsohuwa ba ya mai da ita yarinya. A gwada su a aikin da za ka yi, a kwatanta farashi.

15. Na ji wai yana buɗe wa ɓarayin intanet ƙofa.

Akwai gaskiya a ciki. Zare biyu da ke ɗaki ɗaya suna iya leƙen juna. Ba sa karanta bayanin juna kai tsaye, amma ɗaya na iya auna tsawon jiran da yake yi a kash ko a sassan lissafi, daga nan ya gano abin da maƙwabcinsa ke yi, har ya tsinci mabuɗin sirri. Colin Percival ya nuna haka tun 2005. A 2018 da 2019 aka yi ta bankaɗo ire-irensa: Foreshadow, PortSmash, ZombieLoad. OpenBSD, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Linux, ta kashe SMT daga tushe a tsakiyar 2018, Google ma ta kashe shi a Chrome OS a watan Mayun 2019.

Amma wa abin ya fi shafa? Kamfanonin da ke haɗa baƙin da ba su san juna ba a inji ɗaya. Kai da kwamfutarka a ɗaki, kafin a yi maka irin wannan leƙen sai an fara shigar maka da muguwar manhaja, kuma wanda ya iya haka yana da hanyoyin sata mafi sauƙi. An fitar da gyare-gyare ta Windows da ta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, sababbin furosesa kuma an toshe da yawa daga cikin ramukan tun daga ƙira. Sabunta kwamfutarka. Kuma a gaskiya, manhajar sata da ake loda wa mutane kyauta a wasu shaguna ta fi SMT haɗari nesa ba kusa ba.

16. Da zafin ƙasar nan, ba ya ƙara wa furosesa wuta?

Yana ƙarawa idan aiki ya yi nauyi, tunda sassan da da za su zauna banza yanzu aiki suke. Amma yakan gama aikin da wuri, don haka wutar da aka ci gaba ɗaya ba lallai ta ƙaru ba. Idan kwamfuta na zaune ba aiki, babu bambanci.

Furosesa na kare kanta: idan ta kusa digiri 95 zuwa 100, gwargwadon irinta, sai ta rage gudu. A Makka da Madina inda bazara ke haura digiri 40, a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ba ta da ƙarfi, wannan na faruwa. A Jidda kuma ga laima ga ƙura, su haɗu su yi wa fanka dabe. Maganin shi ne a buɗe akwatin a hure shi, a sake shafa man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta, a ɗaga kwamfutar daga kan kafet, a janye ta daga jikin bango. Wanda ya kashe SMT don zafi ya bar ƙurar a ciki bai yi komai ba.

17. Duk da haka ina so in gwada kashewa. Yaya ake yi?

A BIOS ake yi. Da ka kunna kwamfuta ka riƙa danna Del ko F2, a HP kuma F10. Nemi saitin CPU, za ka ga Hyper-Threading a Intel ko SMT a AMD. Kashe, ka adana, ka fita. Ba ya lalata komai, kuma ta hanyar nan ake mai da shi. Wasu kwamfutocin kamfani ba sa nuna saitin sam.

Ka yi gwajin da adalci: aiki ɗaya, sau uku a kunne, sau uku a kashe, da agogo a hannu. "Na ji kamar ta fi sauri" ba awo ba ne. Waɗanda na ga kashewar ta yi wa rana 'yan kaɗan ne: mai wani tsohon gem da ke rikicewa da yawan zare, mai haɗa sauti da ke fama da ƙaras-ƙaras a rikodin, da mai lissafin injiniya da manhajarsa ke cike sassan lissafi da zare ɗaya. Sauran jama'a su bar shi yadda ya zo.

18. Zan sayi ta hannu in tafi wa yara da ita gida. In nemi i7 ko i5 ta isa?

Alhaji, fara tambayar zuriya kafin suna. Kasuwar ta hannu a nan, ko a shagunan titin Khalid bin Walid, ko a Ulayya ta Riyad, ko a kasuwar gwanjo ta Haraj, cike take da kwamfutocin ofis da aka sauke, kuma tallar ba ta wuce "i7, zare 8". Ga misali. Core i7-7700 cibiya 4 ce, zare 8. Core i5-8500 cibiya 6 ce, zare 6. Da lissafin tambaya ta 6, i5 ɗin ta fi. Sannan Windows 11 a hukumance daga zuriya ta 8 take karɓa, a AMD kuma daga Ryzen 2000, Windows 10 kuwa an daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wato i7 ɗin ta tsaya a bakin ƙofa, i5 ta shige. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zuriya, a masu lamba biyar kuma biyun farko.

Sunan ma ba ya tabbatar da komai game da zare. Core i7-9700 cibiya 8 ce ba Hyper-Threading, alhali i3-10100 tana da cibiya 4 da zare 8, i5-10400 kuma 6 da 12. A yi hattara da tsofaffin AMD FX da ake tallatawa da "cibiya 8", irin su FX-8350. Cibiyoyinsu bibbiyu ne suke tarayya a sashen lissafin lambobi masu ɗigo, har aka kai ƙara a Amurka a kan wannan ƙidaya, AMD ta amince da biyan dala miliyan 12.1 a 2019.

Idan kuɗi sun kai, cibiya 6 mai zare 12, kamar i5-10400 ko i5-12400 ko Ryzen 5 5600, za ta ɗauki yara daga sakandare har jami'a. Ryzen 5 5600 dai sai da katin hoto daban, mai G a ƙarshe ce ke da nata a ciki. Kafin ka miƙa riyal ɗinka, sa mai shago ya kunna ta a gabanka, ka buɗe Task Manager kamar yadda na nuna a tambaya ta 8, ka karanta cikakken sunan furosesar da idonka, domin takardar da ke manne a jikin akwati kowa na iya liƙa ta. In akwai canji, sa mata SSD da ram gigabayit 16, ka kuma ware na UPS, tunda wutar gida ba ta Jidda ba ce.